Gurmin da Ke Kunnen Hagu

Saƙon Mahadi, saurayina, ya shigo ina tsakiyar wanke-wanke, sai da na goge kumfar hannuna a zani sannan na buɗe.

"Ga ni nan tafe bayan la'asar in sha Allah. Kayan da na yi oda sun iso. Yau dai sai kin ji gurmin nan, ko ni ko shi."

Ya haɗo da hoton wani ɗan akwati baƙi a buɗe, cike da ƙananan robobi da wasu ƙarafa da ba su kai ƙwayar gyaɗa ba. Ya sa fuskar dariya har uku. Ni kuwa na zauna a bakin rijiya riƙe da waya, ina rubutawa ina gogewa. Daga ƙarshe na tura, "Allah ya kawo ka lafiya."

Ku da kuke karanta ni, bari in gaya muku abin da kowa ya sani a gidanmu amma Mahadi bai sani ba. Sunana Najiba, a Malumfashi aka haife ni, kuma kunnena na hagu ba ya ji. Ba wai yana ji sama-sama ba, a'a, a mace yake. Sanƙarau ne ya kama ni ina 'yar aji biyu a firamare, Allah ya tashe ni, ya bar min kunne ɗaya. Na saba da abina. Na san inda zan zauna a cikin taro, na iya karkata kai kamar mai yanga, na iya kallon bakin mutum in cike abin da ya wuce ni. Ƙawayena na makaranta da yawa har muka rabu ba su gane ba.

Shekarun baya wani malamin makaranta daga Danja ya fito nemana. Baba, mutum ne da bai iya kwana-kwana ba, tun zaman farko ya gaya wa manyansa gaskiya. Ba su sake dawowa ba. Abin da ya dawo mana shi ne maganar gari, wai 'yar gidan Malam Iliya kurma ce, wai kuma abin gado ne, 'ya'yanta ma haka za su fito. Tun daga ranar Gwaggo Baturiya, yayar Baba da ke zaune a gidanmu, ta kafa doka.

"Duk wanda ya ƙara buɗe baki a kan kunnen yarinyar nan, ni da shi ne. A ɗaura tukuna. In ya gane daga baya, ai ya riga ya san daɗin tuwonta."

Inna ta bi bayanta don tsoro da tausayi. Baba ya yi shiru, shirun da ban taɓa jin daɗinsa ba.

Sai ga Mahadi. A bikin ƙawata muka haɗu, shi ya kawo kayan sauti. Ɗan Funtua ne, babansa dillalin hatsi, shi kuma yana da ɗan situdiyo a bayan shagon, inda yake haɗa tallan taki da na maganin feshi yana kai wa gidajen rediyo. Ina son sa, ba zan ɓoye muku ba. Yana da haƙuri, yana da kunya, yana sa ni dariya. To amma duk mazan duniyar nan a rasa wanda zan so sai mutumin da kunne ne sana'arsa? Mahadi fa in fanka tana juyawa sai ya ce miki ƙusa ɗaya ta kwance. Kuma ranar Asabar ɗin nan manyansa za su zo neman aurena.

Abin ya samo asali ne daga wani iyafis da yake ji da shi kamar ɗansa. Ba irin na bakin tasha ba ne. Kowane kunne ɗan dunƙule ne mai sheƙi, ana cire masa igiya a sauya, ana kwance masa baki a ɗaura wani. Kwanakin baya ya zo da shi, ya ce ya ɗauki wata waƙa da wani tsoho mai gurmi daga ƙauyen Dayi, ni ce ta farko da yake so ta ji. Na sa, na ji kalangu, na ji mata suna amshi, ta yi min daɗi ƙwarai. Da ta ƙare ya ce, "Ya kika ji gurmin?"

Bakina ya riga hankalina. Na ce, "Wane gurmi?"

Ashe a aikinsu raba kayan kiɗa suke yi, wani a tura shi dama, wani hagu. Gurmin nan gaba ɗaya a hagu ya ajiye shi. Ya karɓi iyafis ɗin ya sa, ya ce lafiya lau yake fita. Na ce a raina shi ke nan, asirina ya tonu. Sai kawai na ga ya yi murmushi ya ce, "Na gane. Robar ce ta yi miki girma, ba ta zauna a kunnenki ba. Kunnen kowa da irin nasa. Bar ni da shi." Bawan Allah, tun daga ranar yake neman laifin roba.

Da na nuna wa Gwaggo saƙon, ko a jikinta.

"Yo abin wahala ne? Ya ce kin ji, ki ce kin ji. Ki yaba, ki yi murmushi. Sa hijabi, kar ki sa mayafi, in wata magana ta wuce ki sai a ce hijabin ne. Ni ina nan bayan labule, in na yi tari ki san da ke yake."

"Gwaggo, ni fa na gaji. Ko in gaya masa kawai?"

"Ki gaya masa me? Ke Najiba, ki kiyaye ni. So kike ki tsufa a ɗakin uwarki?"

Na yi wanka, na sa atamfata ruwan ganye mai zanen fulawa, na ɗora hijabi ruwan toka. Lallen da aka yi min saboda Asabar ya kama sosai, ja har ya koma baƙi a yatsu. Na fesa turare, na shafa hoda sau biyu saboda zufa tana ta wanke ta.

Lokacin kaka ne, Baba ya kwaso masara, injin casa yana ta ruri a ƙofar gida tun hantsi. Ni ƙara ita ce babbar abokiyar gabata, don in ta cika kunnen dama ba ni da wani na ajiya. Ina leƙa zaure na ga an ɓata min shiri. Kullum kujeru biyu nake jerawa da kaina, in zauna ta inda zai kasance a damana. Yau buhunan masara sun cinye wannan ɓangaren har kusan rufi. Benci ɗaya ya rage a jikin bango, Mahadi kuma ya riga ya ja kujera bakin ƙofa, ya shimfiɗa farin hankici a kan buhu, ya jera kayansa. In na zauna a bencin, a haguna yake.

Muka gaisa. Yana sanye da shadda ruwan ƙasa da hula zanna, sai fara'a yake yi.

Na ce, "Yaya Mahadi, ko za ka dawo ta nan ciki? Ƙurar injin nan za ta ɓata maka kaya."

"A'a, haske nake so. In ɗayan abubuwan nan ya faɗa cikin masara, sai dai a same shi a tuwo."

Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba, na zauna, na karkace sosai yadda fuskata za ta dube shi. A bayan labule na ji ƙarar faifai, Gwaggo ta zauna tsintar wake.

"To, da wannan za mu fara." Ya ɗago wata 'yar roba fara. "Ita ce mafi ƙanƙanta. In roba ba ta toshe ƙofar kunne ruf ba, iska na shiga, duk nauyin kiɗan sai ya zube."

Ya sa a bakin iyafis ɗin, ya miƙo min. Na zura ta ƙarƙashin hijabi, dama da hagu. Ya jona igiyar a wani ɗan ƙarfe kamar kwalin ashana, shi kuma ya jona a wayarsa, ya ce wannan ne ke tace sautin ya ƙara masa ƙarfi. Ya danna. Kalangu ya shigo, mata suka amsa. A hagu kuwa, abin da na saba, babu komai.

Ya tsayar. "Yaya?"

"Kai, ya fi na rannan nesa ba kusa ba."

"Gurmin ya fito?"

"Ya fito."

Ya lumshe ido don daɗi, har da tafa hannu. Wallahi sai na ji kamar in nutse. Mutum ya yi oda tun daga Legas, ya hau mota daga Funtua, don kawai in ji abin da ya yi da hannunsa, ni kuma ina zaune ina shirga masa ƙarya da lalle a hannuna.

"Wane wuri ya fi burge ki? Bayan amshi na biyu, kin ji abin da tsohon ya yi?"

Gwaggo ta yi tari. Na ce a raina, Gwaggo, na ji tambayar, amsar ce babu.

"Wurin da ya yi sauri ɗin nan?"

Ya dube ni. "Sauri? A'a, a nan ne ya sassauta, ya bar tsirkiya ɗaya tana kuka ita kaɗai." Ya sosa gemu. "To bai fito sosai ba ke nan. Kunya kike ji kar ki ce aikina bai yi ba. Kawo, soso za mu gwada."

Ya cire robar ya sa wani baƙin soso. Ya nuna min yadda zan murza shi da yatsu ya tsuke, in tura a kunne, in riƙe har ya kumbura ya cika wurin. Na yi. Sai na ji duniya ta ɗauke. Rurin injin nan ya koma can nesa, faifan Gwaggo ya ɓace, har numfashina nake ji. Na tsorata, domin wannan ne karo na farko da aka rufe min kunnen da nake rayuwa da shi. Waƙar ta dawo da nauyi, kalangun har a ƙirjina.

Ya tsayar, ya yi min alama in zare ɗaya. Na zare na dama da sauri.

"Yanzu fa?"

"Ya yi daɗi sosai."

"Gurmin nake tambaya, Najiba."

"Yana... yana fita. Sai dai kamar yana nesa."

Na faɗi haka ne don in samu hanyar tsira, ashe rami na ƙara haƙa wa kaina. Idonsa ya yi haske.

"Yauwa! Yanzu kika yi magana. Soso yana ƙara nauyi amma yana danne kaifi, gurmi kuma kaifi ne. Ga maganinsa." Ya nuna min ƙananan ƙarafan nan, baƙi da fari da ruwan zinariya, kowanne da 'yar raga a bakinsa. "Baƙin ne a ciki yanzu, shi ke kawo duka. Na zinariyan nan shi ke fito da tsirkiya. Mayar da na dama ki ci gaba da ji, ki ba ni na hagun in sauya masa. In kin mayar za ki ji bambancin da kanki."

Ban ga hatsarin ba. Wallahi ban gani ba. Na murza soso na mayar a dama, na zaro na hagu na miƙa masa, ya sake kunna waƙar. Ya sunkuya da ɗan hantsaki yana kwance bakin, ni kuma na samu sararin sauke ido. Na gaji da kallon bakinsa, wuyana ya ƙage. Na duƙar da kai ina kallon lallena, ina lissafin yadda zan yi in ce kaina na ciwo.

Ban san tsawon lokacin da na ɗauka a haka ba. Abin da ya fara jan hankalina labule ne, na ga yana ta girgiza. Ƙafar Gwaggo ta leƙo ta ƙasa tana buga ƙasa. Na ɗago.

Mahadi ya daina aiki. Hantsakin na hannunsa, ya zuba min ido, fara'ar nan duk ta tafi. Ya sa yatsa ya tsayar da waƙar. Na zare soson, rurin inji ya dawo, tare da tarin Gwaggo kamar za ta shiɗe.

"Tun ɗazu nake miki magana," ya ce a hankali. "Na kira sunanki. Na ɗaga murya. Har Gwaggo ta ji daga ciki."

"Waƙar ce ta cika min kunne."

"Kunne ɗaya ta cika. Ɗayan a buɗe yake, kuma ta wajensa nake zaune."

Na nemi ƙaryar da zan ɗora a kai, na duba ko'ina a cikin kaina, babu saura. Kuma gaskiya ko da akwai, na gaji.

"Ba ya ji," na ce. "Tun ina yarinya. Sanƙarau ne."

"Ko kaɗan?"

"Ko kaɗan."

"Gurmin fa?"

"Ban taɓa jin sa ba, Yaya Mahadi. Ko sau ɗaya."

Ya dubi robobin da ya jera a kan hankici, ya daɗe yana kallonsu. Na ga kunya ta kama shi, irin ta wanda ya gane shi kaɗai ne bai san abin da ake ciki ba. Wannan ya fi min ciwo a kan ya zage ni.

Ya ɗauki wayarsa ya shiga saiti, ya taɓa wani wuri, ya ce, "Mayar da na dama."

"Don Allah ka bari."

"Mayar."

Na mayar. Ya danna. Kalangu ya shigo, mata suka amsa, sai ga wani abu ya ratso tsakiyarsu, siriri, mai zaƙi, yana tafiya yana dawowa. Gurmin. Ashe shi ne ke jan waƙar gaba ɗaya, sauran bin sa suke yi. Bayan amshi na biyu ya sassauta, tsirkiya ɗaya ta rage tana kuka ita kaɗai, daidai yadda ya faɗa. Hawaye suka ɓalle min, suka wanke hodar, ban ma yi ƙoƙarin tare su ba.

Da na zare ya ce, "Wuri ɗaya ake taɓawa, ya tattara hagu da dama ya zuba a kunne guda. Da kin gaya min tun ranar farko, da tun ranar kin ji shi."

Labule ya yaye. Gwaggo ta faɗo zaure da faifai a hannu, wake na zuba.

"Ɗan nan, mura ce! Mura ce ta toshe mata kunne, kwana biyu ke nan. Yarinyar nan lafiyarta ƙalau, shirme ne kawai irin na yaran yanzu."

Mahadi ya miƙe ya rusuna. "Ina wuni, Gwaggo."

"Lafiya lau. Ka ji abin da na ce?"

"Na ji, Gwaggo. Ita ma na ji ta." Ya juyo gare ni. "Najiba, ni kunnen bai dame ni ba, Allah ne shaidata. An yi min ciwo dai, amma wannan tsakanina da ke ne. Abin da ke gabana Asabar ce. Kawu Isah ne zai jagoranci manyana, kuma a gidanmu ba a tashi daga zaman neman aure sai an tambayi uban yarinya, ko akwai wata lalura da ya kamata a sani. A gaban mutane zai tambayi Baba. Me Baba zai ce?"

Ban taɓa kawo wannan a raina ba. Na tuna shirun Baba. Na hango shi zaune a wannan zauren, da furfurarsa, mutumin da ko a awon masara bai taɓa tauye mudu ba, an sa shi ya zaɓa tsakanin gaskiyarsa da aurena.

"Iliya zai ce lafiya lau," in ji Gwaggo. "Ni na isa da shi."

"To ni ba zan zauna a sa dattijo ya yi haka saboda ni ba. Kuma Hajiyata ta tambaye ni, na ce mata na san komai game da yarinyar nan. Ba zan bari su taso ba sai ta sani."

"Sai ka je ka faɗa mata, ka kashe auren da hannunka!"

"Ba zan faɗa ba, Gwaggo. Ba sirrina ba ne. In daga bakina ta ji, cewa za ta yi kama ku na yi." Ya lalubo lamba a wayarsa, ya ajiye ta a kan buhu kusa da ni. Sunan na nan a rubuce, Hajiya Mero. "Ban san abin da za ta ce ba. Hajiya tana da zafi, kuma tana jin maganar mutane. Ba zan yi miki alƙawarin abin da ba ya hannuna ba. Ga ta nan dai. Ba zan danna ba."

Ya koma bakin ƙofa ya tsaya, ya juya mana baya.

Inna ta fito, ta tsaya a jikin labule, ta toshe baki da gefen mayafi. Gwaggo ta matso kaina, ta zagayo ta damana don ta tabbata ina ji.

"Najiba, kin manta mutanen Danja? Kin manta watannin da kika yi ba kya fita ko biki? In kika taɓa wayar nan, kika rasa wannan ma, kar ki zo ɗakina da kuka. Ki bari in lallashe shi, yaro ne, zai sauko."

Na dubi Inna. Ba ta ce in yi ba, ba ta ce in bari ba, kuka kawai take yi. Tsoro ya kama ni, tsoron gaske, don na san matan da suka fi ni komai an fasa aurensu a kan abin da bai kai wannan ba. Ina son mutumin nan da ya juya min baya. Ina so in zauna a gidansa in ji duk abin da zai haɗa har tsufana.

Na ɗauki wayar. Na danna.

"La'ilaha illallahu," in ji Gwaggo, ta saki faifan.

Ta yi ƙara, ta sake yi. Na manna ta a kunnen dama, na juya wa ƙofa baya, amma rurin injin ya cika zauren. Aka ɗauka. Na ji muryar babbar mace can ƙasa-ƙasa, kamar tana cewa Mahadi, ka isa lafiya, sauran maganar kuma inji ya cinye.

"Assalamu alaikum, Hajiya. Ba shi ba ne, Najiba ce, ta Malumfashi. Ina wuni."

Ta ce wani abu. Ban ji ba. Da a jiya ne, da na yi 'yar dariya na ce haka ne, Hajiya.

Na share fuska da hijabi.

"Hajiya, ki yi haƙuri ki ɗan ɗaga murya. Da kunne ɗaya nake ji."